Tsinken Awon Ƙafa

Ina zaune a shagon kayan wasanni ina jiran jikata, sai ga wani mai furfura a gemu, rigarsa ta sha guga kamar mai zuwa neman aure. Takalman gudu biyu masu ƙusoshi yake juyawa. Mai shago yana nuna masa: mai taurin na gajeren tsere ne, mai laushi a dunduniya shi ya dace da 'yarsa, tunda sau biyu take zagaya fili.

Mai shago ya tambaye shi, "Wace lamba take sawa?"

Mutumin ya zaro tsinken tsintsiya daga aljihu, ya ɗora a tafin takalmin. Tsinken ya gaza sosai.

Bakina da ba ya azumi ya ce, "Ɗana, 'yar tsere ka haifa ko 'yar tsana?"

Ya sunkuyar da kai. "Da takalmin da ta bari na auna, Iya, tun tafiyarsu da uwarta tana ƙarama. Asabar za ta yi gasa."

Na kama gyaran ɗankwalin da bai karkace ba. Shi kuwa ya mayar da tsinken aljihu a hankali kada ya karye, yana kallon wani suna a wayarsa, ya kasa dannawa.