Motar da Na Haɗa wa Waya

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a makon da aka ba mu hutun ƙarshen aji uku na firamare. Ina tsugune a ƙofar gidanmu a Fagge ina wanke kwanonin koko, sai na ji hayaniyar yara daga bakin layi. Da na ɗaga kai na ga ƙarti shida suna turo wata doguwar mota, Baba yana tafe a gefenta, ya zura hannu ta taga yana murza sitiyari, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Motar ba ta da gilashin gaba, fentinta ya ƙone ya zama launin toka, tsatsa kuma ta cinye gindin ƙofofinta har ana hango ƙasa ta ciki. Ƙofa biyu kacal gare ta, gabanta dogo, bayanta a dunƙule. Aka buɗe ƙyauren langa-langa na filin da ke gefen gidan, inda Inna take girki da shanya, aka tura ta ciki har ta danne murhu ɗaya. Inna ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Malam, wannan gawar a ina za mu binne ta?" Baba dariya kawai yake yi yana shafa bayan motar kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Baba direba ne. Shekara da shekaru yana jan wani Alhaji mai manyan sito-sito a Kasuwar Singa, kuma duk layinmu ba wanda bai san cewa bai taɓa ko gogar akuya ba. Motar nan ƙirar Amurka ce ta zamanin da, mai fulogi takwas, ya daɗe yana ganinta yashe a bayan wani gareji a Sabon Gari, kaji suna ƙwai a cikinta, har mai filin ya gaji ya ce ya zo ya kwashe ta. Ba niyyarsa ya tashe ta kawai ba. So yake ya mayar da ita ta zamani: ya sa mata birki mai faranti irin na sababbin motoci, ya sa na'urar sanyi, gilasai masu hawa da sauka da kansu, da rediyo mai cin faifai. Duk wannan kuwa yana nufin a fincike tsofaffin wayoyinta kaf, waɗanda ɓeraye suka riga suka ci rabi, a shimfiɗa sababbi daga fitilar gaba har ta baya.

Mu biyu ne a gidan a lokacin, ni da yayana Nasiru wanda ya girme ni da shekara uku. Shi Baba ya fara kira, amma hankalin Nasiru yana wurin ƙwallo. Da ya riƙe sifana na minti goma sai ya ce cikinsa na ciwo, an jima a hango shi a filin makaranta. Ni kuwa aikina bai wuce share ƙarƙashin motar da kore kaji ba, sai wata Lahadi da Baba ya kira ni, ya ɗaga wayoyi biyu ya ce in nuna masa ja. Na ɗauka wasa ne, na nuna. Ya ɗaga waɗansu, na sake nunawa. Sai ya leƙa ya tabbata babu kowa, ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya, ya ce, "Bilki, idona lafiyarsa ƙalau, ja da kore ne kawai suke zo mini iri ɗaya. Danjar titi ma da matsayinta nake gane ta, ta sama tsayawa, ta ƙasa tafiya. In Alhaji ya ji, ya karɓe makulli. Wannan magana tsakanina da ke ce." Shekarata tara. Ban taɓa jin an ba ni girma irin na ranar ba.

Daga nan rayuwata ta rabu biyu. Da safe in share tsakar gida, in kai niƙa, in ɗebo ruwa a famfon masallaci, in tafi makaranta. Da yamma, in ba Islamiyya, ƙawayena suna ƙofar gida suna 'yar gala-gala da carafke, ni ina kwance rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a waje, ina bin waya da yatsa. Maƙwabcinmu Malam Rasaki, Bayarabe ne haifaffen Fagge, rewaya ne, mai haɗa wutar mota, da ya tsufa a sana'ar, shi ya zana mana taswirar wayoyin a bayan kwalin taliya da birai masu launi. Baba ba ya iya karanta ta, don haka ni ce nake karantawa. Da farko nuna launi kawai nake yi, daga baya na koyi fere waya ba tare da na yanke gashinta ba, na koyi ɗaure ta da dalma, na gane abin da fis yake karewa, na san yadda ake neman inda wuta ta tsaya da ɗan ƙwan gwaji. Hannuna ƙanana ne, suna shiga inda na Baba ba sa shiga. Malam Rasaki yakan leƙo ta kan katanga, ya duba aikin, ya gyaɗa kai ya ce, "Yarinyar nan ta fi yarana uku na gareji." Bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ni ce nake yi ba, ko da yake ina zaton ya gane.

Ranar Asabar ita ce ranar da na fi so. Baba yakan goya ni a acaɓa mu ratsa ta Bata cikin cunkoson 'yan dako da masu kura, mu shiga layukan masu kayan gyara a Sabon Gari, inda ƙasa ta yi baƙi da mai, ana jin Hausa da Ibo da Yarbanci a rumfa ɗaya. Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo da muke sayen wayoyi a wurinsa, da ya hango ni sai ya ce, "Injiniya ta zo," ya jawo mini benci. Ni nake zaɓar naɗin waya, Baba yana tsaye yana yi kamar koya mini yake. A hanyar dawowa ya saya mini gurasa, mu ci a tsaye, yana ba ni labarin yadda za mu bi titin Zariya da motar in ta tashi, gilashi a rufe, sanyi yana kaɗa mu.

Abin bai zo mini a banza ba. Faratana ba su ƙara yin fari ba, ko na goge su da toka da soso. A Islamiyya na sha bulala ranar duba farce har malamin ya gaji. A makarantar boko 'yan ajinmu suka sa mini suna Bilki Baƙin Mai, in na zo shiga wasa sai su ja hijabinsu gefe. Dalma ta taɓa ɗigo mini a wuyan hannu, tabon yana nan. Inna ta yi faɗa har ta bari, ta koma girki a lungun bayan ɗaki inda hayaƙi ba ya fita, idonta kullum jajur. Duk ban damu ba. Shekara huɗu muka yi a haka, ana sa abu ɗaya a jira wata biyu kafin a samu na gaba. Aka ɗinke ƙofofin, aka yi wa kujeru sabuwar fata, injin ya yi tari ya tashi, rurinsa yana girgiza kwanonin Inna a kan kanta. A ƙarshe Baba ya sa aka fesa mata shuɗin fenti, don shi ne launin da yake gani sosai.

Ranar da za a fito da ita Juma'a ce bayan la'asar. Layinmu ya cika, har da masu shago daga bakin titi, har da babban ɗan Alhajin da Baba yake yi wa tuƙi, wanda ya ji labari ya zo kallo da abokansa. Ni ina bakin ƙyaure cikin hijabina na sallah, na wanke hannu da ƙafa tun azahar. Baba ya danna maɓalli gilashi ya hau, ya danna ya sauka, mutane suna ta kabbara da dariya. Ɗan Alhaji ya buɗe gaban motar, ya ga wayoyin a jere, kowace a ɗaure a mazauninta, ya ce, "Malam Isiyaku, wane rewaya ne ya yi maka wannan aiki?" Na ga Malam Rasaki ya buɗe baki, amma Baba ya riga shi. Ya jawo Nasiru ta kafaɗa ya ce, "Ni da yarona ne, a nan gida." Sannan ya buɗe masa ƙofar gaba ya ce ya shiga.

Ban san lokacin da na taka zuwa tsakiyar mutanen ba. Abin da na sani shi ne muryata ta fita da ƙarfi, kowa ya ji. Na ce, "Ni na haɗa su duka. Baba ai ba ya gane ja da kore." Da a nan aka tsaya, da wataƙila an ce shirmen yara ne. Amma ɗan Alhaji ya yi murmushi, ya sa yatsa ya ɗago wayoyi biyu daga cikin waɗanda na ɗaure da hannuna, ya ce, "To Malam Isiyaku, wacce ce ja a nan?" Baba ya tsaya yana kallonsu. Mutum ne mai shekara hamsin da wani abu, a gaban maƙwabtansa, a ranar da ya yi shekara huɗu yana jira. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke murfin a hankali, ya kashe motar, ya shige gida. Ba a fita da ita ranar ba.

Bai dake ni ba, bai ko ɗaga mini murya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Kafin mako biyu aka karɓi makulli a hannunsa, aka mayar da shi gadin ƙofar sito, yana zaune a benci yana kallon wani yaro yana jan motar da ya yi shekaru yana ja. Ya rufe tamu da tamfol, ya hana kowa taɓawa. In na gaishe shi yakan amsa, in na kawo abinci yakan ce an gode, shi ke nan. Inna ta ce mini wai don ni ya ce Nasiru ne ya yi aikin, wai budurwa ta fara tasawa ba a so a ce bakanikiya ce a gaban maza. Na ce to me ya hana shi tuna haka shekara huɗun da nake kwance a ƙarƙashin mota? Ta ce in rufe mata baki, na riga na yi magana ɗaya da ta ishi gidan. Kafin damina ta zagayo, na dawo daga makaranta na tarar da filin wayam, sai tabon mai a ƙasa. Ɗan Alhajin ne ya saye ta. Sau ɗaya na ƙara ganinta, a cunkoson Bata, cike da samarin da ban sani ba, gilashin yana hawa sumul. Ban taɓa shiga cikinta tana tafiya ba.

Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, na je na zauna a bakin gadonsa da ɗana a goye. Na ce, "Baba, maganar ranar nan ta mota, ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe miki tuntuni, Bilki." Na jira ya ƙara wani abu. Na ba shi lokaci mai tsawo. Ya juya fuska wajen bango ya ce in miƙo masa ruwa. A nan na gane cewa ba neman gafara kaɗai ya kawo ni ba, akwai kalma ɗaya da na zo ji, kuma ba zan ji ta ba.

Yau aikina haɗa wutar sola a gidajen mutane, da shi nake ciyar da 'ya'yana, kuma mata da yawa sun fi son ni in shiga ɗakunansu maimakon namiji. Abin da Baba ya ji kunyar faɗa a gaban layi guda, yanzu a jikin ƙofar shagona yake a rubuce. Filin gidanmu an yanka shi shaguna uku, Malam Rasaki ya rasu, Nasiru ko sunan motar ba ya son ji. Wani lokaci in na bi ta layin da yamma nakan rage tafiya, in tuna yarinyar da take kwance ƙafafu a waje, mahaifinta yana tsugune yana riƙe mata waya, su biyu suna da sirrin da ba kowa a ciki. Na san abin da bakina ya jawo masa, ban taɓa musu ba. Ya yafe mini ya tafi. Ni ce dai ba wanda ya tambaya ko na yafe.