Rigar da Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Mai gyaran kwamfuta na ɗago kai sai ga wata dattijuwa a bakin shagonsa, rungume da tsohuwar kwamfuta kamar jinjiri. Tabaraunta ɗaure da zare, yatsunta duk sawun allura. Da gani tela ce. Kwamfutar ma sanye take da riga mai kauri.

"Ɗana, zazzaɓi take yi. Da ta yi zafi sai ta ɗauke."

'Yarta ce ta haɗa mata ita, in ji ta, da wata manhaja ta kyauta da kowa ke iya gyarawa. Hotunan gidansu duk suna ciki, ba a hannun wani kamfani ba, jikoki na nesa ma ta waya suke leƙowa.

Ya duba, ashe rigar ce ta toshe fanka ruf.

"Mama, ai ita ma numfashi take yi."

Ba ta cire rigar ba. Ta zaro almakashi, tana yanka taga daidai fankar a tsanake.

"Muryar marigayi babansu na ciki," ta ce. "Shi kuwa ba ya son sanyi."