Zoben Tagulla a Gindin Murjani

Shekarun baya, ranar da aka kai ni gidan mijina a Tudun Wada, ina leƙe ta ƙasan mayafi idona ya sauka a kan wani akwatin gilashi a falo, cike da ruwa, shuɗin haske na zuba a cikinsa. Kifaye biyu masu ruwan lemo suna zagaya wani abu mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Na shagala har na manta da kukan amarci, sai da gwaggona ta mintsine ni.

Washegari mijina ya gaya min sunan abin: murjani. Ni murjanin da na sani shi ne jan abin wuyan da ake saka wa jarumar littafi a lefe. Ashe halitta ce mai rai, a teku take zama. Ya yi aikin kiwon kifi a Legas, ya dawo da reshe guda kamar ɗan yatsa a cikin jarka, ya raine shi da gishirin teku da wutar sola har ya kai faɗin faifai. Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, takan ce 'ya'yan mutane na kiwon tumaki, nata dutse yake kiwo.

Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa sun riga sun gama da kaina. Ina da wani zoben tagulla da kakata ta Yako ta ba ni. Wata rana yana gona, na zura hannu na binne shi a yashin gindin murjanin. Shirina shi ne in ya tsince shi, in sunkuyar da kai in ce zuciyata ce na ajiye a tekunsa. Har bitar maganar na yi a gaban madubi.

Bayan kamar mako biyu, da safe na ga fari fat a gindin wani reshe. Na ruga da murna na ce masa murjani zai yi fure. Da ya duba sai fuskarsa ta canja. Ya ce wannan farin ƙashi ne, naman ne ke saluɓewa. Kafin azahar ya haura rabin reshen, fata na tashi kamar ɓawon dafaffen dankali. Ya ce in ba mu gano dalili ba, kwana biyu ya yi yawa, wahalar shekara biyar ta tafi.

Aka shiga bincike, ni ce mai riƙe 'yan kwalabe, ina jin kaina kamar matar likita a littafi. Ya auna gishiri, daidai. Ya auna zafin ruwa, daidai. Ya duba batirin sola, bai ɗauke ba. Ya tambaye ni ko na fesa maganin sauro ko na kunna turaren wuta a falon, na rantse ban yi ba. Wallahi zoben bai ko faɗo min a rai ba. Sai ya kira abokinsa na Legas. Abokin ya tambayi kifayen, aka ce lafiyarsu ƙalau. Ya tambayi dodon koɗin da ke lasar gilashi, muka duba, duk sun zubo ƙasa sun wuntsila. Ya ce to a nemi ƙarfe a ruwan, musamman tagulla, domin gishiri na cin ta, ita kuma guba ce ga murjani.

Mijina ya fita tsakar gida da famfon ruwan akwatin yana kwance shi, yana neman wayar da ta fito. Inna na zaune a tabarma tana tsinke zogale. Ta dubi fuskata, ta dubi farin shatin da ke yatsana.

"Amarya, ina zobenki?"

Na yi sauri na ɓoye hannun a bayana.

"Ko kunun tsamiya ba a kwanar da shi a tasar tagulla, 'yar nan, balle ruwan gishiri. Tashi ki faɗa wa yaron nan tun da sauran rai."

Na kira shi na nuna wurin da yatsa. Ya tono zoben, ya zama kore shar. Da ya tambayi yadda aka yi, ban san lokacin da maganar madubin nan ta kuɓuce min ba. Inna ta yi dariya har da tari. Shi kuwa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To zuciyar taki ta kusa kashe min dutse. Kawo bokiti."

Muka karya kawunan rassa uku da ciwon bai kai ba, muka canja ruwa, ya sa gawayi a matatar ruwan. Uwar murjanin ta mutu. Cikin ukun, biyu suka kama, kuma ranar da na ga koren nama ya fara rufe wurin karayar sai da na yi guɗa.

Har yau ina karanta littattafaina, sai dai yanzu kafin in yi wa mutum abin burgewa nakan tambaya ko zai kashe masa wani abu.

Inna kuwa, mai gorin kiwon dutse, ita ta zama mai gadin akwatin. Duk baƙuwar da ta matso sai ta nuna mata yatsunta. Da Allah ya kira ta aikin hajji, aka bi da su ta bakin teku a Jidda, ta sa aka kira mana waya. Ba ta tambayi lafiyar jikoki ba. Cewa ta yi, "Gaya wa yaron nan na zo garin su dutsensa, kuma sai da na cire zobe kafin in taɓa ruwan."