Hannun Baba Mai-awo Bai Taɓa Rawa Ba

Kullum da safe, kafin ya shiga ɗakin gwaji, Baba Mai-awo kan tsaya a bakin ƙofa ya cire agogo da makullai da bel, ya zuba su a kwanon roba, ya ɗaure wandonsa da igiya.

"Baba, wata rana wandon nan zai ba ka kunya!" in ji ɗalibai.

"Ku dai cire zobbanku, 'yan gayu. Na'ura ba ta san kwalliya ba."

A ɗakin nan ɗaliban likitanci ke sa wani gilashi a fuska, su ga majinyacin da kwamfuta ta zana, su koyi riƙe wuƙar tiyata kafin su taɓa mutum. Na'urar da ke bin motsin hannunsu da maganaɗisu take aiki, kuma ƙarfe ko kaɗan ne yana karkatar da ita. Aikin Baba shi ne daidaita ta. Yakan bi ɗakin taku-taku da sandar katako, ya auna wuri sama da ɗari biyu, ya yi ta gyara har wuƙar cikin gilashi ta tsaya daidai inda hannu yake. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan aiki. Wata likita ta ce mini ta taɓa ganin ya sake awon tun daga farko saboda ƙusa ɗaya da kafinta ya manta a ƙafar tebur.

Bara, ina sabuwar ma'aikaciya, na sa aka jingina kabad ɗin ƙarfe da bangon ofishina. Bayan bangon nan ɗakin gwaji ne. Washegari wuƙa ta fara kaucewa da faɗin yatsa biyu. A wurin taro shugaban sashe ya ce, "Baba, girma ya zo, hannu ya fara rawa." Ina zaune a wurin. Na gane dalili, amma na bar laifin a kansa.

Bayan kwana uku ka shigo ofishina, Baba. Ka dubi kabad, ka dube ni, ka ce, "'Yata, kama mini mu mayar da shi can, nan yana tare miki iska." Na'ura ta dawo daidai, ba ka gaya wa kowa dalili ba. Kai ne ka ɗauki laifin yarinya ka ɗora wa tsufanka.

Da maganar ƙara wa Baba wa'adin aiki ta taso, sai aka tuna da rawar hannun. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Na gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri, kuma ka yafe mini. Masu karatu, ku koyi haƙurinsa da kyan aikinsa, kada ku koyi shiruna. Ranka ya daɗe shugaban sashe, takardar ajiye aikinsa tana kan teburinka, ba ka sa hannu ba tukuna. Kabad ɗin nawa ne.