Sai Da Aka Ce Ina Dafa Giya a Makka

Maƙwabciyata ta ɗaga murfin tukunyar, ta shanshana, ta ja da baya tana salati, wai giya nake haɗawa a garin Ɗakin Allah. Kafin la'asar labari ya zaga Tandabawi. Ni da aka haifa a unguwar nan, na tsufa ina sayar da fura, yau ni ce mai giya. Da hannuna nake rubuto muku wannan, don sai da na yi furfura na koyi boko, kuma ba na son wani ya tausasa min magana.

Ga abin da ya faru. Ɗana yana aiki a Suwidin, can ya auri wata Baturiya musulma. Allah ya yi mata rasuwa, ya kawo min 'yarsu ƙarama ya koma. Yarinyar nan ta rufe baki. Tuwo, shinkafar kabsa, fura, ko kallo ba ta yi, sai ruwa da ɗan biskit. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Na kira uban na ce ya faɗa min me uwarta ke ba ta. Ya ce wani abin sha ne na ƙasarsu, ana dafa wasu 'ya'yan itace ƙanana masu kama da ɗinya da ruwa da sukari, a kaɗa da sitacin dankali ya yi kauri, a sha da ɗumi ko da sanyi. Na ce ashe kunu ne, me zai gagare ni.

Na je har unguwar Rusaifa na samo 'ya'yan itacen a ƙanƙare, Larabawa na ce musu tut. Na dafa, ya fito jawur kamar zoɓo mai duhu. To a nan na yi irin tamu. Na ɗanɗana na ji salam, sai na ce bari ya kwana kamar gasara ya yi tsami. Ban sa a firij ba. Zafin Makka da sukari suka haɗu, ya kumbura yana kumfa. Shi maƙwabciyar tawa ta gani.

Matan unguwa suka zo min nasiha. Wai in bar abincin Turawa, in danne yarinya in yi mata ɗura kamar yadda aka yi mana. Na ce musu marainiya ce, ba akuya ba. Wanda ya lalace na zubar a gabansu, amma na ce gobe ma zan dafa, mai son kai ƙara ga hanya nan.

Na sake dafawa, wannan karon na sa a firij. Yarinyar ta leƙa kwanon, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki cokali. Ta shanye tas, harshenta ya yi shuɗi, ta ce da Hausarta ta koyo wai na Mama ya fi zaƙi. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ƙara sukari.

Ku mata, kada ku bar abin nan ya kwana a waje, ba gasara ba ne. Kuma kada ku bar bakin mutane ya hana ku ciyar da yaro abin da zai ci. Maƙwabciyar har yau ba ta gaishe ni. Jiya na cika kwano na kai mata har ƙofa. Da safe jikanta ya dawo da shi a wanke.