Wayar da sabar ta kasa katsewa

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da shi, a Gazawa, shekarun baya kaɗan, bayan na dawo gida na ajiye aiki. Na yi aikin na'ura a Abijan da Dakar da Legas, ina jin Faransanci da Ingilishi da ɗan Fulatanci, amma ban taɓa ganin irin wannan ba a ko'ina.

Wata ƙungiya ce, ba zan kama sunanta ba, take raba wa makiyaya dusa da angurya idan rani ya yi tsanani, kuma dole mutum ya yi rajista ta waya. Sabar ɗinsu, wato na'urar da ke amsa wa wayoyin, ta yi nauyi, ga baƙi za su zo daga Maraɗi su ga aiki, sai Direktan ƙungiyar ya aiko a kira ni in riƙa kula da ita. Na duba na ce masa gyaran a fili yake: a ƙara ma'aikatan da ke cikin sabar, waɗanda kowanne ke riƙe waya ɗaya har ya gama da ita, a rage hotunan shafin, a riƙa ajiye amsoshin da ake yawan nema a kusa. Sai ya sa yatsa a kan wani layi ya ce, "Wannan fa, Baba?"

Na ce lokacin jira ne, iya haƙurin da sabar za ta yi da waya kafin ta katse ta. A Abijan ko ka rage shi ba wanda zai ji, don rezo, wato sabis ɗin waya, kamar ruwan famfo yake, amma a nan mutanen dajin Gangara sai sun hau bishiya suke samun sanda ɗaya ta rezo. Na ce ka rage shi, sabar za ta yi gudu, amma su ka kora. Ya yi dariya ya ce, "To ai su ne nauyin." Na ce ba da hannuna ba. Ya jawo kujera ya mayar da minti biyu daƙiƙa biyar da kansa, kuma gaskiya sabar ta tashi kamar doki, baƙi suka zo suka yaba.

Ana nan sai ga wani Bafulatani, Ja'e, dattijo siriri, ya shigo buro, wato ofis, da sandarsa. Ya ce, "Direkta, kullum ina kan gawo, waya tana juyawa sai ta mutu. Shanuna sun fara kwanciya. Ga ni gabanka, rubuta ni da hannu mana."

Direkta ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Na'ura ba ta san hannu ba. Ka ƙara hawa sama, ko ka ɗora saniyar ta danna maka."

Ma'aikatan buro suka kwashe da dariya. Na bi shi waje na ce ya kawo wayar mu gwada a nan gari, sai ya ce ya bar ta ruga, a yanzu kuma shanu ba mai ba su ruwa. Ya ce da ni, "Bari, Malam, zan sake hawa." Na karɓi lambarsa, ya tafi.

Bayan kwanaki, da rana tsaka, ina duba allon sabar, sai na ga ma'aikaci ɗaya na cikin sabar ya maƙale, yana riƙe da waya guda tun safe, abin da ba zai yiwu ba a lokacin jira na daƙiƙa biyar. Na duba lambar, ta Ja'e ce. Na kashe ma'aikacin, ya tashi da lambar. Na kashe sabar gaba ɗaya na kunna, kafin ta gama tashi lambar tana nan. La'ilaha! Washegari ma'aikata biyu ta riƙe, kafin mako ta cinye su duka, ba wayar da ke shiga, har ta Direkta. Ya yi ta zagina, ya sa aka kwashe komai aka mayar wata sabar a Turai, wallahi tallahi ana kunna ta lambar ce ta fara shiga.

Ranar kasuwar Gangara na hau kabu-kabu na nemi rugarsu. Matarsa ce ta fito. Ta ce ai Ja'e ya rasu, kwana biyu da dawowarsa daga Gazawa reshen gawo ya karye da shi, wayar tana hannunsa. Ta ɗauko mini ita a cikin ƙwarya, fuskarta a farfashe, batirin ma daban, an ɗaure shi a tsumma. Na tsaya ina kallon wayar, ga rana tana dukan kaina amma sanyi nake ji.

Da na dawo ban nemi izinin kowa ba, na mayar da lokacin jira yadda yake. Ina zaune ina kallo, lambar ta ɗauki kusan minti biyun nan, a hankali, kamar mutum na dannawa da yatsa ɗaya, sai rajistar Ja'e ta shiga. Nan take ma'aikatan suka sake, sabar ta koma aiki lafiya lau.

Na faɗa wa Direkta duka. Ya ce, "Mamaci ba ya karɓar dusa, a goge." Na ce akwai matarsa. Ya ce a doka sai mai lambar ya zo da kansa. Ko da na tara abin da zan iya na dusa na kai rugar, saniya ɗaya ta rage a tsaye, sauran ungulu sun gama da su. Direkta kuwa, kada ku zaci wani abu ya same shi, ƙarin girma ma aka yi masa.

Na tambayi masana a Dakar, na tambayi malamai a Cadawa, ba wanda ya ba ni amsar da ta kwanta mini. Ni dai ranar da aka goge sunan na bar aikin. Wanda ya gaje ni ya kira ni bara, ya ce Baba, akwai wata lamba da ke shigowa duk rani, tana yin rajista, a goge, ta sake yi.

Ku masu gyaran sabar, kafin ku rage lokacin jira don allo ya yi kyau, ku fara tambaya wane ne a ɗaya gefen, kuma a kan me yake tsaye.