Unguwarmu Ta Faɗa Cikin Awo

Maiyama

Da anka sallame sallar asuba na fito da ƙwaryar fura da zane ɗaya na canji. Saƙo ne ya iso mani daga Jega, daga bakin ƙanena Ummaru, cewa an kafa turakun siminti kewaye da unguwarmu. Wai tunda an ba mu jiha tamu, za a gina masaukin jakadu da gidajen manyan ma'aikata, kuma gidan ubanmu yana cikin awo.

A tasha na sami akori-kura mai zuwa Jega. Direban ya nuna mani baya, wurin buhunan gero.

Na ce, "Ɗana, dube ni da kyau. Na yi maka kama da gero?"

Ya yi dariya ya buɗe mani gaba. "Shiga, Inna, kada ki tsine mani tun da sahe."

A shingen hanya soja ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ƙwarya. Na buɗe mai. Ya ce mu wuce.

Jega

Hantsi bai yi ba munka isa. Na taka da ƙafa har bayan gari. Turaku na nan kamar yadda anka ce, an shafa masu jan fenti, ɗaya a gindin tsamiyarmu, ɗaya bayan rijiyar da ubanmu ya gina da hannunsa. Cikin gidan nan anka haife ni, a nan anka binne cibiyata, daga nan anka kai ni aure.

Ummaru yana zaure, ya rame. Ya ce, "Yaya, ni na zaci hanya da lantarki za su kawo muna. Baƙi sunka zo su huɗu da mota, na shimfiɗa masu tabarma, na yi masu abin da aka yi ma baƙo. Sai ga turaku."

Na ce, "Wa ad da magana cikinsu?"

Ya ce mai awon ƙasa, kuma ya tahi Aliero wani aikin. Ummaru ya ce shi ba ya iya tsayawa gaban ma'aikaci. Na ce ni ina iyawa. Na kwana ɗakin uwarmu, matar Ummaru ta yi tuwon gero da miyar kuka, ban ci na kirki ba.

Aliero

Da safe na hau motar 'yan albasa da ta sauke kaya za ta koma. Warin albasa ya kama mani zane har yau. Da na sauka, mai kabu-kabu ya kai ni wata makaranta inda mai awon ya sauka.

Mutum ne kirista, ba ɗan ƙasarmu ba, amma yana jin Hausa, kuma yana da ladabi. Ya tashi ya ba ni kujerarsa.

Na ce, "Ɗana, Jega gari ne mai faɗi. Mi ya kai ku gidan ubana?"

Ya ce, "Mama, unguwa uku muka duba. Na kusa da kasuwa suka ce ruwansu zartsi ne, ga sauro, ga ɓarayi. Na gefen gulbi suka ce duk damina ruwa yana cin su. Da muka zo taku, wani dattijo ya ja mana ruwa da kansa. Ban taɓa shan irinsa a Jega ba. Ya ce rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, ya zagaya da mu ya nuna mana tudu ne, ya ce ko akuya ba a taɓa sacewa ba. Jakada kuwa abin da yake so ke nan: ruwa, tudu, tsaro."

Na gane dattijon nan Ummaru ne. Na san ruwan 'yan kasuwa, na sha shi, ba zartsi ba ne. Sun ji labari ne tun kafin motar ta iso. Mu kuwa a gidanmu ba a koya muna kushe gida gaban baƙo ba.

Na ce, "In na rantse maka dattijon nan ƙarin gishiri ya yi?"

"Ƙarin ya yi, Mama?"

Na kasa cewa e.

Ya ce magana ta riga ta wuce hannunsa, ta hau sama. Za a ba mutane fili can hanyar Dangamaji, bayan girbi kowa ya tashi. Na tambayi rijiya. Ya ce ba za a cike ta ba, za ta kasance cikin katanga, da ita za a riƙa ba furanni ruwa. Ya raka ni har bakin titi ya tsayar mani da mota.

Jega kuma

La'asar na iso. Ummaru yana tsaye bakin zaure, tun daga nesa yake karanta fuskata.

"Yaya, mi ya ce? Don mi sunka zaɓe mu?"

Na dubi furfurarsa. Na ce, "Ya ce daga sama anka zaɓa. Ba wanda ya san dalili."

Ya zauna bisa dakali, ya ce, "To, alhamdu lillahi da ba wani namu ba ne ya yi muna sanadi."

Ban tsaya kwana ba. Na shiga na gaida matarsa, na fito.

Gida

Na iso Maiyama ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa direbobi da mai awon da bai ɓoye mani gaskiya ba. Filin Dangamaji babu ruwa, kuma Ummaru ya tsufa da gina rijiya. Na sa an share ɗakin da nake ajiyar gero. Bayan girbi ƙanena, mai gida guda, zai zo zaman gidan auren yayarsa.